Wutar ba a cikin ruwan take ba

Ajiye wayar nan tukuna. Ba na magana da mutum idonsa yana kan gilashi.

Ka ce me? Wai wutar da ake kawowa daga Kainji a cikin ruwa take, ana tace ta ne kamar yadda ake tace gasara, shi ya sa ruwan da ya bi ta cikin injin ba ya kama shuka? Kuma kana son ka ji yadda gas da iska da rana su ma suke ba da wuta alhali ba su haɗa komai da ruwa ba? Shekararka biyu a shagon nan na naɗin janareta, hannunka ya naɗa koyil ya fi a ƙirga, amma sai da wani ya zuba maka wannan shirmen a teburin mai shayi sannan ka tuna kana da tambaya. Da ni ne na yi wa maigidana wannan tambayar, Allah ya jiƙansa, da sai na kwana uku ina kankare tsohon banish, man nan da ake tsoma naɗin waya a ciki, kafin ya ce mini ci kanka. Amma zauna, don ka taɓo mini wani tsohon miki.

Ka taɓa ganin dainamon keke? Ina ka gan shi, kai da ka tashi zamanin cocilan mai caji. Wani ɗan kwalba ne na ƙarfe da ake jingina kansa da taya. In ka taka feda fitila ta kama, in ka ƙara wuta ta ƙara haske, in ka tsaya ta mutu. A cikinsa ba komai sai maganaɗisu yana juyi kusa da naɗin waya. To Kainji ɗin da ake ba ka labari, dainamon keke ne da ya ci ya ƙoshi. Wani Bature a Ingila, Michael Faraday, shi ya gano abin a 1831, kuma har yau ba a canza masa komai ba sai girma. Ka juya maganaɗisu a cikin naɗin jan ƙarfe, wuta ta fito. Yadda ake ciyar da maganaɗisun da 'yar wuta don ya yi ƙarfi, da dalilin da ya sa layi uku ke fitowa, ba zan ɓata yawuna a kai ba. Duk wanda ya kwance janareta sau biyu bai gane wannan ba, ya koma gona.

Abin da ya bambanta tashoshin wuta shi ne wa ke taka fedar.

A Kainji ruwa ne. An tare kogin Neja, ruwa ya taru ya yi tudu, sai a sake shi ta wasu manyan bututu ya gangaro da nauyinsa ya bugi farfela, farfela ta juya sanda, sanda ta juya maganaɗisu. Ruwan ya fita ta ƙasa ya kama gabansa, ruwa ne kamar yadda ya shigo, ba a cire masa ko gishiri ba. In ka koma wurin mai shayin ka tambayi malamin naka wannan: an buɗe Kainji a 1968, aka zo aka gina Jebba a ƙasa da ita a kan kogi ɗaya, aka buɗe a 1985. Ruwan da ya gama juya injinan Kainji shi ne yake gangarawa ya juya na Jebba. In an tatse wutar tun a Kainji, wacce ake samu a Jebba? Nauyin ruwa da tsayin da ya faɗo ake ci, ba wani sinadari a cikinsa ba. Kainji an gina ta a kan megawat 760, Shiroro a kan kogin Kaduna 600, Zungeru da ta zo daga baya 700. Ko nan kusa da mu, dam ɗin Tiga da aka yi zamanin Audu Bako, wanda ruwansa ke shayar da shinkafar Kadawa da ta Kura, an girka masa ƙananan injinan wuta na megawat 10. Da rani in ruwan dam ya ja baya, ƙarfin bugun ya ragu, wuta ta ragu. Ba aljanu ba ne.

Amma kada ka ɗauka ruwa ne ke riƙe da ƙasar nan. Mafi yawan wutar da ke kan babban layi daga iskar gas take, ta Kudu, ba gas ɗin da muke ɗura wa injin niƙa a jarka ba. Hanya biyu ake bi da ita. A Egbin, can Ikorodu a Legas, ƙona ta ake yi a tafasa ruwa a wata shirgegiyar tukunya, tururi ya fito da ƙarfi ya juya farfela. Inji shida ne, kowanne megawat 220. A wurare irin su Geregu da Afam kuwa, gas ɗin ake ƙonawa cikin iska da aka matse, hucin da kansa ya bugi farfela, kamar injin jirgin sama da aka ɗaure a ƙasa. Kwal ma tukunya ce, a da ana yi a Oji River kusa da Inugu. Nukiliya da kuke jin sunanta kuna zare ido, ita ma tukunya ce, yuraniyam irin wanda ake haƙa a Arlit ta Nijar shi ke ba da zafin a madadin itace. Iska kuwa ba sai an tafasa komai ba, ka je Lambar Rimi a Katsina ka ga fankoki a tsaye. Kowa da abin da yake taka fedarsa.

Yanzu ga inda masu sana'a suka rabu da 'yan kallo. Juyin ba a yin sa yadda aka ga dama. Wutarmu tana kai da komo sau 50 a kowace daƙiƙa, shi ake kira firikwansi, kuma gudun inji ne ke yanke wannan, ba wani abu ba. Ɗan janaretan fetur mai kan maganaɗisu biyu sai ya juya sau 3000 a minti. Na dizal mai kai huɗu, 1500. Na dam da ke juyi a hankali kamar raƙumin ban ruwa, sai a cika shi da kawuna. Ka raba 6000 da yawan kawunan, ka samu gudun. Mai kai 40, juyi 150 ya ishe shi. Wannan 50 ɗin, ɗana, ita ta ci mini babur da sa.

Shekara goma sha biyar ke nan, ko da 'yan kai. Da kaka ne, shinkafa ta shigo, kowane injin casa yana aiki dare da rana. Wani Alhaji mai injin casa a wani ƙauye gefen Bunkure, ba zan kama sunansa ba don 'ya'yansa ba su yi mini komai ba, ya aiko a ɗauke ni. Ya sayo janareta na hannu, mai kilowat 50, injin dizal mai silinda huɗu, bai yi wata ba kan ya ƙone. Na duba na ce sai an sake naɗi gaba ɗaya, ciki da waje. Muka yi ciniki a tsaye, a gindin darbejiya, daga ni sai shi sai Allah. Ya ba ni rabi, ya ce ragowar in ya kai shinkafa Dawanau. Na ce to Alhaji, ai ba a haka da ku. Ka ji wauta ta farko.

Rabin da ya bayar bai sayi wayar ba. Na shiga Sabon Gari na karɓo sauran bashi wurin wani mai shago da ya yarda da ni tun ina yaron wani. Kwana goma sha ɗaya na yi a kan aikin nan. Kowane rami na sa masa sabuwar takarda, kowane zagaye na ƙirga shi da baki, ban yarda yaro ya taɓa ba. Na tsoma shi a banish, na gasa shi a cikin rabin duro da garwashi a ƙasa, na kwana ina juya shi kamar mai tukubar tsire, don in wuta ta yi yawa takarda ta tafi, in ta yi kaɗan danshi ya zauna. Ba yabon kai ba, a lokacin daga Kura har Rano ba mai naɗin da zai ɗora hannu a kan aikina ya ce ga gyara.

Muka kai, muka haɗa, muka tayar. Bolt 415 tsakanin layi da layi, allura a tsaye kamar an kafe ta. Allon janaretan ba shi da mitar firikwansi, ta mutu tun a inda aka sayo shi, sai na tafi da ta aro. Na saita gwamnan injin, wato na'urar da ke tsayar masa da gudu, ya tsaya a 51 ba kaya, aka ɗora masa motocin lantarki masu juya injin casa ya sauko 50 ya zauna. Na ɗaure notin gwamna, na goge hannu, na sha fura, na hau babur ɗina. Ban sa wa notin nan alama ba. Ban kira kowa ya ga mitar ba. Wauta ta biyu.

Kwana goma sha tara. Ranar kasuwa, shagon nan cike da mutane, sai ga a-kori-kura ta tsaya a nan inda kake ajiye kekenka. Yara huɗu suka sauko da kan janaretan, ɓangaren da naɗin yake ciki, suka yar a ƙasa. Warin ƙonannen banish ya riga su isowa. Alhaji ya fito yana ɗaga murya, wai na cuce shi, wai wayar alminiyam mai fentin jan ƙarfe na naɗa masa na cinye kuɗin. A gaban jama'a! Na ɗauko wuƙa na kankare wayar na nuna wa duk wanda ke wurin, ja ce har cikinta. Amma ka san mutane, ƙarar farko suke ji. Har yau akwai wanda in an ambace ni a ƙauyen nan zai ce, mai wayar alminiyam?

Da na kwance shi sai na ga abin da ya tsayar mini da gashi. Naɗin waje da ɗan sauransa, amma na ciki, mai juyawar, ya yi baƙi ƙirin ko'ina daidai wa daida, kamar an soya shi a mai. In kuskuren mai naɗi ne, wuri ɗaya yake ci, ka ga inda waya ta taɓa waya ta huda. Ƙuna ta bai ɗaya zafi ne na kwana da kwanaki. Na bi su ƙauyen. Motocin casa biyu su ma sun ƙone. Na leƙa gwamna, sai ga sabon cizon sifana a jikin notin, ƙarfe yana ƙyalli inda baƙin mai ya goge. Nan take na san abin da aka yi. An rage wa injin gudu.

Ka saurara da kyau, don wannan ba a teburin mai shayi ake samun sa ba. In gudu ya ragu, wuta tana son ta faɗi. To akwai ɗan baƙin akwatin nan mai daidaita wuta, shi bai san komai ba sai allura ta tsaya inda aka ce masa. Sai ya dinga ɗura wa naɗin ciki wuta don maganaɗisu ya ƙara ƙarfi ya cike giɓin. Na zamani suna da wayo, in gudu ya faɗi sai su sassauta. Wancan tsohon yayi ne, ɗura kawai yake yi. Ga fankar da ke sanyaya kan a jikin sanda ɗaya take, ita ma ta rage gudu. Zafi ya ƙaru, iska ta ragu. Su ma motocin, an ba su cikakken bolt a kan firikwansi da ya gaza, sai su dinga jan wuta suna dahuwa. Duk wannan yana faruwa allurar bolt tana nan a 400 da wani abu tana yi wa kowa murmushi.

Na faɗa. Yaron da ke kula da injin ya rantse bai taɓa ba. Alhaji ya ce in cizon sifana ne, ai ni ma da sifana na ɗaure. Kan ya mutu, ba wutar da zan auna, kuma ba ni da abin auna gudun sanda. Aka tafi gaban dagaci. Ni ɗan sana'a mai baƙin farce, shi mai ba rabin ƙauyen aikin yi. Aka yi abin da ake kira sulhu: in sake naɗin kyauta, ragowar kuɗina ta bi ruwa, in kuma ɗauki nauyin mota ɗaya. Surukina ya ja ni gefe ya ce a bar wa Allah. Na bar wa Allah, amma mai waya na Sabon Gari bai bar wa Allah ba, kuma da gaskiyarsa. Na sayar da Jincheng ɗina. Na sayar da san da nake turke da shi tun damina ina jiran Babbar Salla, na sayar da shi wata biyu kafin farashi ya tashi. Uwargida ta yi kwana uku ba ta ce mini sannu ba.

Har ƙonanniyar wayar da na kwance, wadda a al'adar sana'ar nan ta mai naɗi ce, Alhaji ya aiko yaro da buhu ya kwashe, wai kayansa ne. 'Yan gwangwan ya sayar wa. Wannan ta fi babur ɗin ci mini rai, wallahi.

Na sake naɗin. Ranar da muka mayar, na ce kada wanda ya taɓa injin, a tayar da shi yadda yake. Na tara mutane, na maƙala mitar. Ta hau, ta hau, ta tsaya a 43. Juyi 1300 ke nan a inda ake son 1500. Na ce Alhaji ga shi, gani ya kori ji. Ya leƙa, ya gyara hularsa, ya ce, "To ai kai ka saita shi haka tun farko, Malam." Ina da shaida? Ba ni da ita. Na mayar da shi 50, na tattara kayana, na hau motar haya, don babur ya riga ya zama na wani.

Sai bayan shekara biyu, da suka ɓata da yaron injin ya kore shi, yaron ya zo nan ya tsuguna ya ce in yafe masa. Wai Alhaji ne ya ce injin yana shan gas da yawa, a rage masa murya. Suka sassauta notin, suka ga allura ba ta motsa ba, suka ɗauka sun gano dabarar da Bature bai sani ba. Jarka nawa suka tsira da ita a kwana goma sha tara? Ko kuɗin ƙafar san nan ba ta kai ba. Yaron na yafe masa. Alhajin kuwa muna haɗuwa a wurin jana'iza, muna gaisawa, hannunsa da laushi.

To abin da ya faru da janaretan nan shi ke faruwa da ƙasa baki ɗaya in ka ji an ce babban layi ya faɗi. Wutar layi ba ta da rumbu. Wadda fankar nan take ci yanzu, yanzun nan aka juya ta a wani wuri, ta hau layin bolt 330,000, ta biyo ta Kaduna ta sauka Kumbotso, taransifoma bayan taransifoma suna rage ta har ta iso mana. Duk injinan da ke kan layin, na Shiroro da na Egbin da na Geregu, tare suke juyi a kan 50 ɗin nan kamar mata masu lugude a turmi ɗaya. In kaya ya fi ƙarfinsu, ko gas ya yanke wa wata babbar tasha, sai gudun kowa ya fara sauka. Su can ba sa jira su ji warin banish. Na'urar kariya ke cire inji daga layi, nauyinsa ya koma kan sauran, su ma su cire, cikin ƙiftawar ido ƙasa ta yi duhu. Gara duhun kwana ɗaya da ƙonewar injin da sai an yi shekara ana jiran kayansa daga waje. Da Alhaji yana da irin wannan na'urar, da yanzu ina da garke.

Sola ce kaɗai ta fita daga dangi. Ita ba abin da ke juyi. Hasken rana ne, ba zafinta ba, yake faɗa wa fanel ya tunkuɗa wuta ta fito miƙe irin ta batir, sai inbata ta karkasa ta ta ƙirƙiro 50 ɗin da kanta. Akwai ta megawat 10 a Kumbotso da aka buɗe a farkon 2023. Ban raina ta ba, na ga yadda ta raba manoman rani da sayen fetur. Abin da na raina shi ne ku. Kowane yaro ya yi wata uku ya iya haɗa ja da baƙi, sai ya buga kati ya zama injiniyan sola, ya je ya kafa wa mutane fanel a ƙarƙashin inuwar maina, ƙurar hunturu ta rufe shi ba mai gogewa, batir ya mutu a wata shida a ce kayan ne jabu. Na san kai ma can zuciyarka take. Ka tafi in lokaci ya yi, ban riƙe ka ba, amma ba za ka bar shagon nan ba sai ka iya jin inji da kunne ka ce mini ya kai 50 ko bai kai ba.

Gobe in Allah ya kai mu za mu mayar da kan nan na mai gidan ƙanƙara. Ka duba cikin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin tsumma, akwai mitar firikwansi da kwalbar jan farce irin ta mata. Kada ka yi mini dariya. In na saita gwamna, kai za ka ɗiga shi a kan notin, ya haɗa noti da jikin inji, yadda ko ƙuda ya taɓa sai ya tsage. Sannan ka kira mai gidan ya tsaya kusa da mitar, ka ɗauke su hoto tare, fuskarsa ta fito, 50 ɗin ta fito. Ragowar kuɗinmu kuma a ƙirga ta kafin a kashe injin.

Ɗauki wayar taka, ka tabbata da caji a cikinta.